Tsayuwa a Gindin Mangwaron Baba Ayuba

Ranar wata Asabar a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wani mutum ya zo filin makarantarmu a Paikon Kore sanye da fararen kaya irin na 'yan fim, ya ɗaure ƙugu da baƙin ƙyalle, ya ce a kira shi Masta Damisa. An yi yayyafi da asuba, jar ƙasar filin ta yi santsi, mu kuwa yaran gari mun yi cincirindo har da masu goyon ƙanne. Ya jera bulo a kan duwatsu biyu, ya zare ido, ya yi wani ihu kamar an taka wa kare wutsiya, ya sara da gefen hannu, bulon ya rabe. Irin bulon nan ne da yashi ya rinjayi siminti, wanda ko akuya ta hau sai ya ruguje, amma ranar babu wanda ya kula. Daga nan ya sa mu layi, kowa ya kai shuri sama ya gani. Da aka zo kaina na ɗaga ƙafar dama da iyakar ƙarfina, ta hagun ta ƙi ɗaukata, na zube daɓas a cikin taɓo. Masta Damisa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya juya ga sauran yara ya ce, "Wannan ai ƙafa da rabi gare shi. Je ka gida ka taya mamanka tsintar shinkafa." Aka fashe da dariya. Kafin in kai bakin titi sunan ya riga ni isa unguwa, kuma ya zauna mini shekaru.

Ƙafar tawa ta hagu a bishiyar ɗorawa na karya ta tun ban shiga makaranta ba. Maɗorin da aka kai ni wurinsa ya ɗora ta a karkace, ta warke gajeriya, siririya, kamar ba tawa ba. Babanmu mutumin Katsina ne, yana da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa, yana kuma sayen doya a hannun Gbagyi yana aikawa Arewa. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, rijiya a tsakiya, murhun kowace mata a ƙofar ɗakinta. Aikina da safe in cika randar Inna, in kai awaki bayan gari in ɗaure, in dawo in ɗauki lauje saboda yankan ciyawar makaranta. Duk ina yi, sai dai a jinkirce, ina tafe ina zubar da rabin ruwan bokiti. Wurin wasa ne abin ya fi ciwo. Idan ana langa, inda kowa ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, ni ne mai tsaron takalma. Idan ana ƙwallon leda, ni ne gola, shi ma don babu wanda ke so. Abin da ya rage mini kawai gidan kallo, inda muke cunkushe a kan benci cikin hayaƙin janareta muna kallon fim ɗin Canis, jarumi yana tashi sama yana dukan mutum goma kafin ya sauko. A can na ƙudurta cewa wata rana zan koyi irin wannan faɗa in daki Iliya, ɗan mai gyaran babur, wanda ya fi kowa jin daɗin kirana Ƙafa-da-rabi, kuma shi ne Masta Damisa ya naɗa shugaban yaransa.

Akwai mutum ɗaya a garin da ya taɓa taka ƙasar Caina da ƙafarsa, kuma shi ne wanda babu yaron da ya taɓa tunanin zuwa wurinsa. Baba Ayuba Bagbagye ne, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. A ƙuruciyarsa an tura shi can koyon noman shinkafa, ya dawo da ilimin shinkafar, ya kuma dawo da wani abu da yake kira taici. Kowace safiya za ka gan shi a gindin mangwaron bayan gidansa, da tsohuwar singileti da wando ɗan guntu, yana ɗaga hannuwa yana saukewa a hankali kamar mai iyo a cikin kunu. Mutanen gari sun gama yanke masa hukunci. Masu shan burukutu suka ce 'yan Caina sun ba shi wani abu ya ci. Matan cocinsu suka ce a sa shi a addu'a. 'Yan kasuwarmu suka ce rawar mahaukata ce ba kiɗa. Mutanen da ba su taɓa wuce Gwagwalada ba su ne suka fi kowa sanin abin da ke damun mutumin da ya ƙetare teku.

Shi ne ya zo shagon Babanmu sayen batir, ya tsaya yana kallona ina sauke katan daga kan baro, ina jingina duk nauyina a gefe ɗaya. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ya ce, "Alhaji, ka ba ni yaro ɗin nan da safe kafin makaranta. Ƙafa ɗin bai mutu ba, barci yake yi." Babanmu ya tambayi abin da ya dame shi: ko akwai durƙusa wa wani abu, ko tsafi. Baba Ayuba ya ce babu, tsayuwa ce kawai da numfashi. Babanmu ya ce in tsayuwa ce ai ba ta kashe kowa. Inna ta yi ta mita kwana da kwanaki, tana cewa gurguntar ba ta isa ba sai an haɗa mini da hauka. Ni kuwa a ɓoye murna nake. Na ɗauka tsohon yana ɓoye ainihin faɗan ne, yana jiran wanda zai ba.

Safiyar farko ya tsayar da ni a gindin mangwaron ba takalmi. Ya ware mini ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya sa na ɗan lanƙwasa gwiwa kamar zan zauna a kan kujerar da babu ita, ya ɗaga mini hannuwa a gaban ƙirji kamar na rungumi randa. Ya taɓa ƙasan cibiyata ya ce numfashi ya riƙa sauka can. Sai ya koma kan kututture ya ɗauki wuƙa ya ci gaba da fere rogo. Na jira a fara darasi. Gwiwar hagu ta fara rawa, rawar ta hau cinya, ta kama baya. Gumi ya shiga idona, ƙuda ya sauka a leɓena, tururuwa ta bi ta kan yatsuna. Bai ko ɗago kai ba, sai dai lokaci zuwa lokaci ya ce, "Sauke kafaɗa." Da ƙafar ta gaza na faɗi, ya ce in tashi in sake. Da ƙararrawar makaranta ta kaɗa, wato tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya, ya ce, "Ya isa. Gobe." Wannan shi ne darasin. Washegari ma shi ne. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, masara ta fitar da goyo, ina nan rungume da randar da babu ita.

Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina Baba Ayuba a wannan daminar ba. A ganina shi da Masta Damisa duk 'yan damfara ne, sai dai Damisa ya fi shi iya ado. Ga shi wurin a bakin hanyar gona yake. Matan Gbagyi za su wuce da itace a kafaɗa, su tsaya su dube ni, su yi magana da yarensu su kwashe da dariya. Yaran Damisa kuwa ta nan suke bi da gangan idan sun fito gudun safe, a jere, da ƙyallaye a goshi, Iliya a gaba yana ba da waƙa suna amsawa, sunana a cikinta. A 'yan makonni sun iya shuri sama da kai, sun iya juyi a iska, sun iya ihu kala-kala, kowane ya samu sunan dabba. Ni abin da na iya shi ne in tsaya kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye. Abin da ya hana ni gudu bulalar Babanmu ce, da kuma wani taurin kai da na gada, wanda ba ya son Iliya ya ga na sake faɗuwa a wani wurin.

Wata safiya haƙurina ya ƙare. Na sauke hannu na ce, "Baba, yaushe za a koya mini duka?"

Ya ce, "Wa kake so ka duka?"

Na ce, "Iliya."

Ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Ya ce, "Iliya yana nan, ba inda za shi. Ɗaga hannu."

Ranar ce kaɗai ya ba ni labarin yadda shi ya koya. Wani tsoho ne a wani lambun gari a can Caina, inda mutane ke taruwa da sassafe. Ba sa jin yaren juna. Tsohon ya tsayar da shi haka tun daga shigowar sanyi har fitarsa, yatsunsa suna daskarewa, kafin ya nuna masa motsin hannu ko guda. Na ji labarin na ƙara raina su su biyun. Na ce a raina ashe abin gado ne, wani ya ɓata masa lokaci, shi ma yana ramawa a kaina.

Da rani ya shigo ya ƙara mini abu ɗaya, wato tafiya. Ba tafiyar mutane ba. In ɗora duk nauyina a ƙafa ɗaya, in miƙa ɗayar ba nauyi, diddige ya taɓa ƙasa, sannan in riƙa tura nauyin a hankali kamar mai juye manja daga kwalba zuwa kwalba. "Kar ka zubar," yake cewa. Daga gindin mangwaro zuwa rumbunsa, tazarar da kaza ke yi cikin ƙiftawar ido, sai ta ci mini duk safiyar. Duk lokacin da nauyi ya koma hagu jikina yakan yi sauri ya tsallake, kamar yadda ya saba tun ina ƙarami, shi kuma sai ya sa sandar gora ya tare ni. "Kai ne kana ɗauka mishi kaya. Bar shi ya yi aikinshi." Ban ga wani canji ba. Inna ce ta fara gani, ba ta kuma faɗa mini ba, sai da na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa yanzu bokiti yana isowa randa a cike.

A cikin wannan ranin ne kasuwar Masta Damisa ta watse. Ranar rufe makaranta hedimasta ya ba shi fili yaransa su nuna abin da suka koya a gaban iyaye. Bulon da ya saba kawowa bai iso ba, wani malami da niyyar taimako ya aika aka ɗebo daga ginin sabon aji, mai siminti na gaske. Damisa ya dubi bulon, ya san abin da ya gani, sai ya ce yau ranar ɗalibai ce, ya tura Iliya. Yaro ya zare ido, ya yi ihun da aka koya masa, ya sara. Ƙarar da muka ji ba ta bulo ba ce. Kafin a gama ɗora Iliya a babur zuwa asibiti, babban gwanin namu ya zame ta bayan bayin makaranta da fararen kayansa. Bayan shekaru na hango shi a Gwagwalada lokacin kamfe, da baƙin tabarau, yana tsaye bayan wani ɗan siyasa yana ture mata da tsofaffi. Aikin da ya dace da shi ke nan tun farko. Iyayen da suka yi ta tafa masa kuwa nan take kowa ya ce dama shi bai taɓa yarda da mutumin ba. Iliya ya dawo da hannu a naɗe, ɗan yatsansa bai sake miƙewa ba. Na ga ba sauran abin duka a jikinsa.

Damina ta biyu, a tsakiyar watan Agusta, Inna ta aike ni kai wa 'yan ƙwadago abinci a 'yar gonar da Babanmu ke nomawa a ƙetaren rafi. Ƙanwata Hindatu, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta yi ta kuka sai ta bi ni. Da muka tafi ruwan iyakarsa ƙwauri. Muna can hadari ya haɗu ta gabas, bai sauka a kanmu ba, can sama ta inda rafin ke fitowa ya zuba. Da la'asar muka juyo, na ga ruwan ya ɗan yi ja, amma na goya Hindatu na shiga, don hanyar ce na saba. Muna tsakiya na ji wata ƙara daga sama kamar mota mai lodi tana tahowa. Ruwan ya haura gwiwa, ya kama cinya, ya zo da ganyaye da karan dawa da wani reshe da ya wuce ta gabanmu yana juyi. Hindatu ta shaƙe mini wuya tana kiran Inna. Duk jikina gudu yake so, kuma na san da na ɗaga ƙafa da sauri ruwan zai kwashe mu. Sai gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu, nauyina ya sauka, tafin ƙafata ya nutse cikin yashi. Ruwan ta hagu yake bugowa, a kan ƙafar da kowa ya gama yi wa jana'iza. Ta yi rawa, irin rawar da na sani sarai, wadda na san ba ita ce ƙarshe ba. Na ce wa Hindatu ta sassauta wuyana ta riƙe riga. Na miƙa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin ruwa, na laluba, na juye nauyi a hankali, na sake, har na kai ga wani dutse da ke tsakiyar rafin na jingina ƙugu da shi. Gaba da nan ruwan ya fi ƙarfina, sai na tsaya. Ban san iya lokacin da muka yi ba. Na dai san Hindatu ta gaji da kuka ta koma shassheƙa, na daina jin yatsun ƙafata, kafin wasu manoma biyu da ke dawowa daga gona su hango mu, su saro doguwar gora, ɗaya ya shigo yana riƙe da ita ya karɓi yarinyar, sannan ya jawo ni.

Labarin ya zagaya gari kafin magariba, kuma kowa ya samo masa bayani. Inna ta ce addu'ar da take tofa mana ce, kuma ban musa ba, Allah ne ya tsare. Wasu suka ce dutsen ne. Wata tsohuwa ta ce rafin ba ya cin baƙi. Masu shan burukutu suka ce gajeriyar ƙafa ta fi kama ƙasa. A duk garin ba wanda bakinsa ya iya furta sunan Baba Ayuba, domin yin haka na nufin su yarda mahaukacin da suke yi wa dariya kowace safiya ya san abin da yake yi. Sai Babanmu kaɗai. Ya zaɓi manyan doya daga cikin na sayarwa, ya ɗora mini a kai, ya ce in kai wa Baba Ayuba.

Na same shi yana ba kaji dusa. Ya riga ya ji. Na tsaya ina jiran yabo. Ya dube ni ya ce, "Da kake cikin ruwa ɗin, ka sauke kafaɗa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Wanda ya koya da kyau, in ya ga ruwa ya yi ja, ba ya shiga da yarinya." Ya karɓi doyar ya ce in gaida Alhaji. Washegari bayan na gama tsayuwa bai ce gobe ba. Ya ajiye wuƙarsa, ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ɗaga hannuwansa biyu a hankali har daidai kafaɗa, ya sauke su a hankali, ya ce in bi. Wannan shi ne motsin farko na taici. Na yi ta maimaita shi har aka girbe dawa.

Ban yi nisa ba. Ya ce jerin motsin dogo ne, ni kuwa ɗan farkonsa kawai na samu kafin a tura ni makarantar kwana a Abaji. Idan na zo hutu yakan gyara mini abin da na ɓata, ba ya ƙarawa, yana cewa sai wannan ya zauna. Ina shekarar ƙarshe aka aiko mini ya rasu. A wurin binne shi an yi ta yabon ilimin shinkafarsa.

Yanzu a Kuje nake zaune da iyalina, ina shiga cikin gari aiki kullum. A kan hanya ina wuce allunan gidajen motsa jiki masu gilashi da na'urar sanyi, da hoton wani ƙato ya cire riga yana alkawarin mayar da yaro gwanin faɗa kafin hutu ya ƙare. 'Ya'yan manya suna fitowa da ɗamara kala-kala da takardar shaida, iyaye suna ɗaukar hoto, alhali ko a layin mai ba za su iya tsayuwa ba tare da jingina da mota ba. A waya ma haka, kowane mai singileti ya zama malami, yana koyar da sirrin 'yan Caina cikin 'yan mintuna. Ɗana ya gan ni wata safiya a bayan gidanmu ina tsayuwar, ya ce in koya masa. Na ware masa ƙafafu, na ɗaga masa hannuwa. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya tambaye ni ko babu hanyar da ta fi wannan sauri, na ce ban san ta ba, ya koma ɗaki. Ban yi masa faɗa ba, zamaninsa ne ya gaya masa komai yana da gajeriyar hanya. Na je Paikon Kore bara, na tarar an kewaye bayan gidan Baba Ayuba da katanga, an rubuta sunan wani rukunin gidaje da ba a gina ba tukuna. Na yi ta neman wanda zan tambaya ko akwai wani da ya karɓi sauran motsin a hannunsa, ban samu ko wanda ya gane abin da nake nufi ba. Har yau ina ɗingishi, kuma har yau ina tashi bayan sallar asuba in yi ɗan abin da ya bar mini, in kai inda ilimina ya tsaya, in koma baya in sake. A farkon nake har yanzu, kuma ban ƙosa ba.